Yaya a karanta wa Umma wannan, kar a tsallake komai

Assalamu alaikum Yaya,

Ina fata kuna lafiya, ya Umma, ya ƙafar tata, ya su Gwaggo da yara, ya zafin Kano. Ni nan lafiya lau alhamdulillahi, aiki ne dai kullum asibiti kullum asibiti.

Na saurari saƙon muryar da ka turo, na kuma ji na Gwaggo wanda ta yi tana kuka. Ban amsa da murya ba don na san in na fara magana raina a ɓace yake, shi ya sa na bari sai da na yi isha'i na zauna na rubuta. Dan Allah ka karanta wa Umma shi daga sama har ƙasa, kar ka taƙaita mata, ta ji da kunnenta.

Ni ban bar addinina ba. La'ilaha illallahu Muhammadur Rasulullah, a kanta nake, a kanta kuma nake roƙon Allah ya ɗauki raina. A ce wai a majalisar ƙofar gidanmu ana zancen na shiga addinin Buda, wai an min ƙwal kwabo an yafa min mayafi ruwan goro, har wani na rantsuwa ya gani da idonsa. Hoto ɗaya ne fa Yaya. Kuma ka duba hoton da kyau, kaftanina ne a jikina wanda ka ɗinka min, hulata na kaina.

Ga yadda aka yi. Alhajin nan mai ciwon ƙoda da nake wa tafinta, ɗansa da ke jinyarsa ya gaji da zaman asibiti ya ce in zaga da shi gari ranar Lahadi. Akwai wata hasumiya a gefen Mumbai, wajen Gorai, ana hawa jirgin ruwa daga Boribali a tsallaka, tun daga nesa kana hango ta tana ƙyalli ruwan zinari. A 2009 aka buɗe ta, an kwaikwayi wata tsohuwa ce da ke Yangon a ƙasar Bama. Cikinta wani makeken zaure ne na dutse mai ɗaukar mutum 8,000 kuma babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya, kai da kake harkar gini da ka gani sai ka riƙe baki. Shiga kyauta ne, kowa na zuwa, Hindu, Kirista, mata masu niƙabi da 'ya'yansu duk na gani. Mu baƙi ma ba a barinmu mu shiga cikin zauren, ta bayan gilashi ake leƙawa, sai wanda ya taɓa yin kwas ɗinsu na halwar kwana 10 ne ke shiga ya zauna. Yaron ya ɗauke ni hoto a tsakar wurin, akwai wani babban mutum-mutumin Buda na farin dutse a bayana, ya ɗora a Facebook. Shi kenan abin da ya faru. Ban rusuna wa komai ba, ban kunna turare ba, la'asar ta same mu a can muka samu gefe muka shimfiɗa ɗankwalin mamarsa da ke jakarsa muka yi sallarmu, ba wanda ya ce mana ƙala.

Kafin in manta, maganar kuɗi. Na ba Alhajin nan na Kantin Kwari da ya kawo matarsa aiki, yaronsa zai turo maka naira 400,000 a asusunka ranar Litinin in sha Allahu. Asusunka na ce, ba na Abba ba. A ciki 130,000 na maganin Umma ne na wata 3, na hawan jinin da na sugan, a saya a kemis ɗin da aka saba, kar a canza mata zuwa mai araha don an ga bambancin ɗari biyar. 85,000 na Auta, kuɗin NECO da abin da ya rage na makaranta, ka je da kanka ka biya ka karɓo rasit. 120,000 a sayi kwano a gyara rufin ɗakin Umma kafin ruwa ya sauka, bara kun ce da bokiti ta kwana kuma ba wanda ya faɗa min sai da damina ta wuce. Sauran a sa masara da shinkafa. Kar a taɓa na rufin nan Yaya, ko wa ya zo da kuka.

To in koma. Na san abin da ya ƙara wa maganar gishiri shi ne da na gaya wa Abba a waya kwanaki cewa na raka abokin ɗakina wajen halwarsu ta kwana 10. E na raka shi, kuma na je na taho da shi. Yaron nan nas ne a asibitin da na fi kai marasa lafiya, ɗan Nagpur ne, kakanninsa suna cikin dubban ɗaruruwan mutanen da suka bi Dakta Ambedkar suka koma addinin Buda a 1956 saboda wulaƙancin da ake musu na cewa su ƙasƙantattu ne tun daga haihuwa, ba a taɓa su ba a shan ruwa rijiya ɗaya da su. Shi ya tsaya min aka ba ni ɗakin da nake ciki, lokacin da na yi ta yawo ana ce min an riga an kama. Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni shi ya ɗaura min ruwa da hannunsa bai karɓi ko sisi ba. Da azumi ba ya cin abinci a gabana. Mutum irin wannan ya ce raka ni tasha ka taya ni da jaka, in ce a'a? Ba haka Baba ya koya mana ba.

Wurin a wani gari yake Igatpuri, kan duwatsu, hanyar Nashik, tafiyar kamar awa 3 a jirgin ƙasa daga Mumbai. A hanya ya yi ta ba ni labarin malamin da ya kafa wurin a 1976, wani Goyenka, Ba'indiye ne amma a Mandalay ta Bama aka haife shi a 1924, hamshaƙin ɗan kasuwa, ciwon kai mai tsanani ya addabe shi har likitoci suka koma yi masa allurar mofin, daga nan ya je wajen wani U Ba Kin wanda babban akanta ne na gwamnatin Bama ya koyi wannan zaman. A 1969 ya dawo Indiya ya fara koyarwa, ya rasu a 2013, amma har yau muryarsa ake sa wa ɗalibai a rikoda, bidiyonsa ake kallo da daddare. Har gidan yarin Tihar na Delhi an kai abin, a 1994 fursuna wajen 1,000 suka zauna lokaci guda. Wipasana suke kiransa.

Shi ya so mu shiga tare, ba zan ɓoye muku ba. Ya ga ba na barci. Ya ce ba addini ba ne, kowa na zuwa, kuma ba a biyan kuɗi, abinci da ɗaki duk kyauta, sai wanda ya gama kwas ne ake karɓar gudummawarsa don na baya su samu. Na ce ba ni takardar dokokin in gani. Na karanta. Ba kisa ko na sauro, ba sata, ba ƙarya, ba kusantar mace, ba kayan maye, wannan duk ba abin da ya saɓa mana. Maza daban mata daban, wannan ma madalla. Sai na zo inda aka rubuta cewa tsawon kwanakin nan mutum zai ajiye duk wata ibadarsa, addu'a, azumi, jan carbi, komai, wai don a gwada hanyar ita kaɗai ba a gauraya ta da wata ba. Kuma ya faɗa min daren farko ana maimaita wasu kalmomi na neman mafaka wajen Buda da koyarwarsa da jama'arsa, su suna cewa ma'anar halayen ne ake nufi ba mutumin ba. Na ninke takardar na miƙa masa. Na ce ɗan'uwa, salla 50 kake so in ajiye, ni ko ɗaya ba zan iya ba, kuma mafaka wajen Allah kaɗai nake nema. Bai ji haushi ba, ya ce ya fahimta. Su ma mutanen ba su yaudari kowa ba, a fili suka rubuta, wanda ya ga zai iya ya shiga wanda bai gani ba ya koma. Ni a bakin ƙofa na tsaya, ya miƙa wayarsa da walat aka sa a ma'ajiya, na juyo na hau jirgin yamma. A gaya wa Umma wannan, a maimaita mata. Saboda salla na ƙi shiga, a nan inda ba wanda ya san ni, ba wanda zai kai rahotona, amma ni ake cewa na yi ridda.

Da na je taho da shi na same shi ya ɗan faɗa, yana magana a hankali kamar mai tsoron kar muryarsa ta fashe. A tasha muka sayi shayi, ya riƙe kofin nan da hannu biyu ya daɗe yana kallon tururin kafin ya kurɓa, mutumin da na sani yana shan shayi a tsaye yana amsa waya biyu. A jirgi ya ba ni labari tiryan-tiryan. Ƙarfe 4 na asuba ake buga ƙararrawa, 4 da rabi kowa na kan matashinsa a zaure, kuma a kan duwatsun nan da sanyi. Zama wajen awa 10 a rana, da hutu a tsakani. Abincin rana ƙarfe 11, ba nama, daga shi sai shayi da ɗan 'ya'yan itace ƙarfe 5, ba abincin dare. Ba waya ba littafi ba biro. Kwana 9 ba ka magana da kowa sai malami in kana da tambaya, ko haɗa ido da na kusa da kai ba a so, ko nuni da hannu.

Kwana 3 na farko ba abin da ake yi sai lura da numfashi, shigarsa da fitarsa a ƙofar hanci, ba a ja da ƙarfi ba a ƙirgawa ba a ambaton komai, yadda yake zuwa haka za ka bi shi, ana ta matse wurin har ya koma ɗan filin nan tsakanin hanci da leɓen sama. Ya ce a kwana na 2 saura kaɗan ya tattara kayansa, don duk wani abin da ya taɓa yi wa mutum ko aka yi masa tun yana yaro sai da ya dawo masa, bashi, faɗa da babansa, wata mara lafiya da ta mutu a hannunsa. Kwana na 4 ake fara bin jiki da hankali daga tsakar ka zuwa yatsun ƙafa a dawo, gaɓa gaɓa, duk abin da ka ji, zafi ne, ƙaiƙayi ne, sanyi ne, nauyi ne, ka lura da shi kawai, mai daɗi kar ka ce ya tsaya, mara daɗi kar ka ce ya tafi, don duk wucewa za su yi. Daga ranar kuma sau 3 a rana ana zaman awa guda cur ba motsi, ba ka buɗe ido ba ka warware ƙafa ba ka ɗaga hannu. Ya ce gwiwarsa ta dama kamar ana soka masa ƙusa, gumi na bin bayansa, yana jin na gefensa na haɗiyar yawu, sai a wani zama ya daina faɗa da ciwon ya tsaya yana dubansa, ina ya fara ina ya ƙare, sai ya ga ashe ba dunƙule ɗaya ba ne, yana bugawa yana saki, wani wajen zafi wani wajen dindiris, yana nan bai tafi ba amma ya daina firgita shi. Kwana na 10 ake buɗe baki, a koya musu yi wa dukkan halitta fatan alheri, washegari da safe a sallame su.

Da yake faɗa sai na tuna Malam kakanmu da yake shiga halwa a ɗakin soro, Umma na tura masa kunu ta ƙasan asabari ba mai ganinsa. Amma ba ɗaya ba ne kuma ban ce ɗaya ba ne. Malam sunan Allah yake kira har gari ya waye, su kuwa ba sa kiran kowa, jikinsu kawai suke saurare. Na ga amfanin da ya yi wa yaron nan, fushinsa ya ragu, masu jinya na masa tsawa yana amsa musu a natse, wannan gaskiya ce kuma ba zan ƙi faɗarta don tsoron bakin mutane ba. Amma abin da zai raba ni da alƙibla kwana 10 ba nawa ba ne ko me zai ba ni.

Akwai abu ɗaya da na yi, gara ku ji daga bakina. A hasumiyar nan ta Gorai akwai wani ɗaki a gefe da ake koya wa baƙi lura da numfashi na minti 10, Anapana, ba mutum-mutumi a ciki, ba rusunawa, ka zauna ka rufe ido a sa murya tana maka bayani. Na zauna. Fanka na juyawa a sama, ina jin iska na shiga da ɗan sanyi tana fita da ɗumi, ko numfashi biyar ban kai ba hankalina ya tafi rufin ɗakin Umma, na dawo da shi, ya tafi kuɗin Auta, na dawo da shi, kamar akuyar da aka ɗaure a turke tana ta fizgar igiya kana jawo ta. Muryar na cewa in ya tafi kar ka ji haushin kanka, ka dawo kawai. Na tambayi limamin masallacin da nake Juma'a a Muhammad Ali Rod, ya ce min in dai ba kalmar da kake furtawa ba wanda kake nufa da bauta, sauraren numfashinka ba ibada ba ce. Kai ma ka tambayi Malam na masallacinmu, ka karanta masa wannan wajen, abin da ya ce ka faɗa min zan ji.

Dalilin rashin barcin ba wani abu ba ne, kar Umma ta tayar da hankalinta. Aikin ne. Ni ke tsayawa tsakanin likita da mara lafiya, abin da likita ya faɗa da Turanci ni zan juya shi da Hausa ina kallon idon mutum. Watan jiya wani yaro ɗan Sakkwato da aka kawo aikin zuciya Allah ya karɓi abinsa, ni na faɗa wa uban a baranda, ni na yi ta zirga-zirgar takardu, mu muka yi masa wanka da wasu 'yan'uwa Musulmi na nan muka kai shi. Sa'an ɗanka ne na biyu. To in na kwanta sai abin ya riƙa dawo min, ya haɗu da na Baba da ban samu jana'izarsa ba, ina nan ina fassara wa wani sakamakon gwajin jini kuna can kuna ɗaukarsa. Yanzu in na idar da shafa'i da wutiri na yi azkar ɗina, sai in ɗan zauna a bakin katifa in bi numfashin nan har ƙirjina ya sauka, in karanta Ayatul Kursiyyu in kwanta. Ina samun barci alhamdulillahi. Har sallata na ga na fi sanin raka'ar da nake ciki. Ina cin abinci sosai, matar Alhajin Kwari ta kawo min kuka da daddawa da yaji, ba abin da na rasa.

Yanzu maganar Abba. Ni na san daga bakinsa zancen nan ya fita, don shi kaɗai na gaya wa na je Igatpuri, kuma na san dalili, tun da na ce ba zan ƙara turo masa ba sai na ga lissafin adaidaitar nan yake jin haushina. Adaidaita sahun nan da gumina na saye ta, wata nawa ina cin shinkafa da wake ɗin Indiyawa safe da dare don in haɗa kuɗinta, aka yi da shi zai riƙa kawo balas kullum a ba Umma na cefane. Ka ce min rabon da ya kawo tun kafin salla. Ina kuɗin suke tafiya? An ce min ana ganinsa shagon cacar ƙwallo. Ban ce a kore shi ba, ƙanina ne, ni na goya shi zuwa makarantar allo. Amma ka zaunar da shi gaban Baffa, ko ya riƙa kawo balas duk dare a hannunka, ko a karɓi makullin a ba yaron gidan Gwaggo da ke neman abin yi. Kuma kuɗin nan da ke tafe ko naira ɗaya kar ta bi ta hannunsa, ko aike ne kar a aike shi da su, na roƙe ka.

Abin da ya fi ci min rai, ka ce maganar ta kai gidan su yarinyar nan, har babanta ya ce a dakata da zancen sa rana. Yaya shekara nawa suna jirana. Dan Allah Baffa ya shirya ya je da kansa, ba waya ba, ya tafi da kai, ku nuna masa wannan takardar in ya so ya karanta. In yana son ya ji daga wani, Alhajin Kwari zai dawo ƙarshen wata, sahu ɗaya muke tsayawa da shi a masallacin kusa da asibiti, a tambaye shi. Kuma yaron da ya ɗora hoton ba ruwansa, na riga na sa ya cire, kar wani ya je ya yi wa mahaifinsa maganar yana kan gadon asibiti.

Na so in zo babbar salla amma sabunta takardata ya faɗo daidai lokacin, in na fita ban gama ba dawowar za ta yi wuya, kuma kuɗin jirgin ya fi ƙarfin rufi da magani a haɗe. Ku yi haƙuri da ni. Umma ta yafe min, na san ni ya kamata in riƙa kai ta asibiti ba kai kaɗai ba, ina nan ina kai iyayen wasu.

In kuɗin sun shigo ka yi min filashin. Ka turo min hoton rasit ɗin Auta da na kwanon, kuma a sa mai aikin ya duba katakon ma, in ya ci a canza, zan ciko. Maganin Umma na wata 3 cif, a duba kwanan watan da ke jikin kwalin. Ka gaishe da Gwaggo ka ce ta share hawayenta, ka gaishe da Baffa da Anti da yara duka, Auta ta dage da lissafi. In ka gama karanta wa Umma ka ba ta wayar ta yi min magana da bakinta ko ta minti ɗaya ce, ina tashi asuba zan duba.

Wassalam,
Ƙaninka